Oila, Makahon Malamin Lissafi

A tsakiyar ƙasashen Turai akwai wata 'yar ƙasa mai yawan duwatsu, ana ce da ita Suwizalan. A wani birninta mai suna Basel, a bakin kogin Rayin, aka haifi Leonhard Euler ran 15 ga watan Afrilu, 1707. Haka ake rubuta sunansa, amma mutanen ƙasarsu Oila suke furtawa, saboda haka da Oila za a kira shi cikin wannan labari.

Ubansa limamin coci ne, ba mai dukiya ba. Tun Oila yana jariri suka koma wani ƙauye kusa da birnin, can ya tashi, ubansa kuwa shi ya fara koya masa lissafi. Yana da shekara 13 ya shiga jami'ar Basel. A lokacin nan akwai wani babban malamin lissafi a jami'ar, sunansa Yohan Barnuli. Oila ya roƙe shi ya riƙa koya masa shi kaɗai, amma malamin ba shi da sukuni. Sai ya nuna masa littattafan da zai karanta da kansa, ya kuma ba shi izini ya zo gidansa kowace Asabar da yamma da abin da ya gagare shi. Yaron nan yakan yi kwana shida yana fama da littafi, yana ƙoƙari ya warware duk abin da zai iya, don kada ya dami malaminsa da ƙananan tambayoyi. Ta haka ya saba da dogara ga kansa.

Nufin ubansa shi ne ya gaje shi a aikin coci. Barnuli kuwa ya ga irin baiwar da aka yi wa yaron, ya lallashi uban har ya yarda ya bar shi ga lissafi. Cikin 1727 majalisar masana ta birnin Faris ta sa gasa a kan inda ya fi dacewa a kafa itatuwan da ke riƙe da filafilan jirgin ruwa. Oila ya tashi a ƙasar da ba ta da bakin teku, amma da lissafi kaɗai ya zo na biyu. Daga baya ya ci kyautar wannan majalisa har sau 12.

Cikin wannan shekara ta 1727 ya tafi aiki a majalisar masana ta San Fitasbag, babban birnin Rasha na wancan zamani. Can ya yi aure cikin 1734. Matarsa Katarina ta haifa masa 'ya'ya 13, amma 5 ne kaɗai suka girma. Cikin 1735 ya yi wani zazzaɓi mai tsanani wanda ya kusa kashe shi, zuwa 1738 kuwa idonsa na dama ya daina gani. Bai rage aiki ba. Cikin 1741 Sarki Firedarik ya gayyace shi Barlin, a ƙasar Jamus, ya yi shekara 25 can yana rubuta littattafai. Sarkin nan ya fi son fadawa masu iya zance, Oila kuwa mutum ne mai kawaici, har sarkin yakan yi masa ba'a saboda idonsa ɗaya. Da Sarauniya Katarina ta Rasha ta aiko masa cikin 1766, sai ya kwashe iyalinsa ya koma San Fitasbag.

Bai daɗe da komawa ba sai yana ta rufe idonsa na hagun, wanda ya rage masa. Ga mai lissafi wannan ba ƙaramar asara ba ce, gama aikinsa duka a kan takarda yake, layi bisa layi, in ka ɓata lamba guda ka ɓata duka. Mai ƙaramar zuciya da nan zai ajiye alƙalami. Amma Oila yana da ƙarfin hadda ƙwarai, yana iya yin dogon lissafi a ka. Aka kafa masa babban allon dutse bisa tebur, yakan rubuta manyan haruffa da alli, 'ya'yansa da almajiransa suna kwafewa. Da wannan ma ya gagara, sai ya riƙa faɗa ana rubutawa.

Cikin wannan hali littafinsa na koyon aljabara ya fito da harshen Jamusanci, cikin 1770. Aljabara ita ce fannin lissafi inda ake sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba tukuna. Waɗanda suka buga littafin sun bayyana yadda aka yi shi. Oila yana da wani bara, saurayi, wanda ya taho da shi daga Barlin. Dā ɗinki ya koya, iliminsa na lissafi kuwa bai wuce na kowa ba. Shi Oila ya zaɓa ya riƙa yi wa shifta. Kafin a gama littafin, telan nan ya gane abin da yake rubutawa, har yana warware tambayoyi masu wuya da kansa. Wannan ya nuna bayanin ya fita sarai. An juya littafin cikin harsuna da dama, ɗalibai suka yi ta koyo da shi shekara da shekaru.

Cikin littafin akwai wani babi a kan waɗansu lambobi da suka daɗe suna rikita masana. Don a gane su, sai a fara sanin abu biyu.

Na farko, akwai lambobin da ke ƙasa da sifiri. Mutumin da yake da mudu 3 na gero, sai a rubuta masa 3, wannan lambar samu ce. Wanda ake bin sa mudu 3, sai a rubuta masa −3, wannan lambar bashi ce. In ana bin mutum bashi kashi uku, kowane kashi mudu 3, aka yafe masa duka ukun, ai ya ƙaru da mudu 9 ke nan. Ɗauke bashi samu ne. Shi ya sa −3 sau −3 yake ba da 9.

Na biyu, akwai abin da ake kira tushen lamba. In an ninka lamba da kanta, ita ce tushen abin da ya fito. 3 sau 3 tara ne, saboda haka 3 tushen 9 ne. Hakanan 5 tushen 25 ne.

To, mene ne tushen −9? In an gwada 3 sau 3, a sami 9. In an gwada −3 sau −3, a sake samun 9. Duk cikin lambobin samu da na bashi babu wadda za a ninka da kanta ta ba da bashi. Amma kuma irin wannan tushe yakan ɓullo a tsakiyar lissafi ko ba a neme shi ba. Wani likita na ƙasar Italiya, Kardano, ya yi karo da shi cikin littafinsa na 1545, ya ga kamar ba shi da amfani. Wani ɗan ƙasarsu, Bombeli, ya tsara dokokin yin lissafi da shi cikin 1572. Cikin 1637 Dekat, mutumin Faransa, ya raɗa wa irin waɗannan lambobi suna wanda ma'anarsa ita ce lambobin zato, sunan kuwa ya bi su har yau.

Oila bai ɓoye wa almajirinsa wuyar abin ba, ya kawo masa misali. A ce an sa mutum ya raba 12 kashi biyu, yadda in an ninka kashi ɗaya da ɗayan za a sami 40. In ya gwada 8 da 4, ya sami 32. In ya gwada 7 da 5, ya sami 35. In ya gwada 6 da 6, ya sami 36, daga nan kuwa ba ya hawa. Aljabara takan ba da amsa ta ce kashi ɗaya shi ne 6 a tara da tushen −4, ɗayan kuma 6 a ɗebe tushen −4. Oila ya nuna cewa fitowar wannan tushe ita ce shaidar abin da aka nema ba ya samuwa cikin lambobin da aka saba da su. Duk da haka ana iya aiki da shi bisa doka, gama an san abu guda tabbatacce game da shi, watau in an ninka shi da kansa zai ba da −4. Ya kuma nuna hanyar sauƙaƙe shi. Da yake −4 daidai yake da 4 sau −1, tushen −4 shi ne 2 sau tushen −1. Hakanan tushen −9 shi ne 3 sau tushen −1. Ashe lambobin zato duka daga uwa ɗaya suka fito, ita ce tushen −1.

Shekarar 1771 ta zo masa da wahala biyu. Gobara ta tashi a birnin, ta cinye gidansa. Wani mutumin Basel mai suna Fita Girim ya kutsa cikin wutar, ya ɗauko makahon a kafaɗa ya fitar da shi. An tsirar da yawancin takardunsa, Sarauniya kuma ta taimaka aka sake yi masa gida. Cikin shekarar kuma aka yi masa aikin ido, ya ɗan gani na 'yan kwanaki, sa'an nan ganin ya sake tafiya, bai komo ba. Matarsa ta rasu cikin 1773. Duk wannan bai tsai da shi ba. Kusan rabin abin da ya wallafa a rayuwarsa bayan komawarsa Rasha ya yi shi, yawanci cikin duhun makanta.

Cikin 1777, yana da shekara 70, ya miƙa wa majalisar masana wata takarda inda ya sa ƙaramin harafin i a madadin tushen −1. Ba a buga takardar ba sai 1794, bayan mutuwarsa. Wani babban masani na Jamus, Gaus, ya yi aiki da harafin cikin littafinsa na 1801, daga nan ya bazu ko'ina. Harafin nan yana da doka guda, ita ce i sau i daidai yake da −1. Da shi ake rubuta tushen −4 a taƙaice, 2i, tushen −25 kuma 5i. Yana kuma tsare ɗalibi daga wani tarko. Mai gaggawa, in an ce ya ninka tushen −4 da tushen −9, sai ya ce −4 sau −9 ai 36 ne, tushensa 6. Wanda ya fara sauƙaƙewa kuwa zai rubuta 2i sau 3i, watau 6 sau i sau i, amsa ita ce −6.

In aka yi ta ninka i da kansa, sai a ga wani abin sha'awa. Yawan i ɗin da aka jera ana ninkawa shi ake kira hawa, akan rubuta shi da 'yar ƙaramar lamba a sama.

Hawa ɗaya, i¹ = i.
Hawa biyu, i² = −1.
Hawa uku, i³ = −1 sau i = −i.
Hawa huɗu, i⁴ = −1 sau −1 = 1.
Hawa biyar, i⁵ = 1 sau i = i.

A hawa na biyar an komo inda aka fara. Amsoshin huɗu ne kurum, suna ta kewayawa. Saboda haka kome tsawon hawa, sai a raba shi da 4 a dubi saura. In saura 1 ne, amsa i. In 2 ne, −1. In 3 ne, −i. In babu saura, amsa 1. Ga misali i²³. In an raba 23 da 4 a sami 5, saura 3, amsa −i ke nan. Ga kuma i¹⁰⁰. Da yake 100 yana rabuwa da 4 ba saura, amsa 1 ce. Aikin da zai cika allo ya ƙare da rabawa guda.

Bayan mutuwar Oila wani mai awon ƙasa ɗan Norwe, Kasfa Wesel, ya bayyana dalilin wannan kewayawa cikin takardar da aka buga masa a 1799. Ninkawa da i kamar juyawa ce ta rubu'in da'ira. Yaro ya tsaya yana fuskantar gabas, wannan shi ne 1. Ya juya hagun sau ɗaya, yana duban arewa, wannan i ne. Ya ƙara, yana duban yamma, ya ba gabas baya, wannan −1 ne. Ya ƙara, kudu, −i. A juyi na huɗu ga shi yana fuskantar gabas kamar dā. Yau masu aikin lantarki da rediyo da wayar hannu da waɗannan lambobi suke lissafi, sai dai su j suke rubutawa, don sun riga sun ba i wani aiki.

Ran 18 ga watan Satumba, 1783, Oila ya yi lissafi a kan manyan balan-balan da aka fara tayarwa sama a Faransa cikin shekarar, ya kuma yi hira da abokin aikinsa a kan Yuranus, tauraron nan mai kewaya rana wanda aka gano cikin 1781. Da yamma yana wasa da jikansa sai jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, ya rasu a wannan rana yana da shekara 76. Ya bar littattafai da takardu fiye da 800. Majalisar San Fitasbag ta yi shekara fiye da 40 bayan mutuwarsa tana buga abin da ya bari.

Yaron da ya ga tambayar lissafi ta yi masa tsauri, ya tuna da telan nan na Barlin. Ba da wani ilimi ya fara ba, ya dai bi malaminsa sannu a hankali, bai tsallake mataki ba sai ya gane na bayansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Yaya Barnuli ya koyar da Oila, wane amfani kuma wannan hanya ta yi masa?
2. Don me babu tushen −9 cikin lambobin samu da na bashi?
3. Ku rubuta tushen −16 da tushen −49 da harafin i.
4. Ku nemi amsar i⁶, da i¹³, da i⁴⁰.