NAPOLIYON BONAPAT: SOJAN DA YA TSARE PAPAROMA

A wannan mako za mu duba rayuwar wani soja wanda sunansa ya hana sarakunan Turai barci har wajen shekara 20, wato Napoliyon Bonapat, janar kuma sarkin daular Faransa. Wataƙila wani ya ce me ya kawo labarin mayaƙi a shafin Ikkilisiya. Dalilinmu shi ne, mutumin nan bai tsaya kan sarakuna ba, sai da ya kai hannu ga Ikkilisiya, ya tsare Paparoma, har ya sa aka shigar da sunansa cikin littafin da ake koya wa yara bangaskiya.

An haife shi ran 15 ga Agusta, 1769, a garin Ajaksiyo na tsibirin Kosika, shekara ɗaya bayan tsibirin ya koma hannun Faransa. Ubansa Karlo lauya ne mai 'ya'ya da yawa da abin hannu kaɗan. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi makarantar soja ta Brienne, wadda 'yan zuhudu ke riƙe da ita, inda yara suka riƙa yi masa ba'a saboda Faransancinsa na baƙo. Ya fi kowa gane lissafi, don haka aka tura shi sashen igwa. A 1785 ya fito ƙaramin hafsa yana da shekara 16.

Da zamanin bai juya ba, da ya tsufa a ƙaramin muƙami, domin manyan kujerun soja na 'ya'yan sarauta ne. To, a 1789 juyin juya hali ya ɓarke a Faransa. Aka sare kan Sarki Luwi na 16 a 1793, aka rufe majami'u da yawa, firistoci wasu aka kashe, wasu suka gudu. Manyan hafsoshi su ma suka tsere, aka bar gurabe ga samari. A cikin wannan shekara ta 1793 jiragen ruwan Ingila suka shiga tashar Tulon. Napoliyon ya gane cewa wanda ya riƙe wani tudu da ke kallon tashar, shi ya riƙe garin. Ya jera igwoginsa, aka ci tudun, Ingilishi suka janye, aka naɗa shi birgediya janar yana da shekara 24. Bayan shekara biyu ya sake amfani da igwa, amma a kan titunan Paris, a kan taron 'yan ƙasarsa masu son a maido da sarauta. Gwamnati ta saka masa da rundunar Italiya.

Rundunar da ya tarar a 1796 ta mayunwata ce, wasu ko takalmi babu. Cikin shekara guda ya karya sojan Ostiriya a Lodi, da Arkole, da Riboli. A nan ne aka fara ganin dabararsa, wadda ya kamata mu ɗan tsaya a kanta, gama ita ce ta ɗaukaka shi, ita ce kuma daga baya ta ci shi. Rundunonin wancan zamani kan tafi a hankali, suna jan amalanken abinci a baya. Shi kuwa ya bar sojansa su ci abin da suka tarar a gonaki da rumbunan mutane, don haka suka fi kowa sauri. Yakan shiga tsakanin rundunonin abokan gaba biyu kafin su haɗu, ya fyaɗa ɗaya, ya juyo ya gama da ɗayar. A ranar yaƙi kuma yakan nemi wuri ɗaya mai rauni, ya tara masa igwogi, sa'an nan ya tura sojan ƙasa da na doki ta wannan kafar. Masu yabonsa ba su cika faɗin wanda ya biya kuɗin saurin nan ba: manomin da aka kwashe masa hatsi da shanu.

A 1798 ya haye teku zuwa Masar don ya tare wa Ingila hanyar Indiya. Ya ci mahayan Mamluk kusa da dalar Fir'auna a watan Yuli, ya shiga Alƙahira yana shelar cewa shi mai girmama addinin Musulunci ne, abin da malaman birnin ba su ɗauka da gaske ba. Kwana kaɗan bayan haka Admiral Nelson na Ingila ya hallaka jiragensa a Abuƙir, aka bar shi ba hanyar komawa. A farkon 1799 ya nufi ƙasar Falasɗinu, ya bi ta wuraren da muke karanta sunayensu kowace Lahadi. A Yafa, garin da Yunusa ya shiga jirgi, inda kuma Bitrus ya ta da Dokas, Napoliyon ya sa aka kai fursunonin yaƙi fiye da 2,000 bakin teku aka karkashe su, bayan sun ajiye makamai. Ya ci nasara a gindin Dutsen Tabor, ya sauka a Nazarat, amma ganuwar Akka ta gagare shi wata biyu, annoba kuma tana cin mutanensa. Ya koma Masar, a watan Agusta ya sulale cikin jirgi zuwa Faransa, ya bar rundunar a baya. Ku riƙe wannan hali, za mu sake gamuwa da shi.

A Nuwamba 1799 ya hamɓarar da gwamnati ya zama shugaba. A bazarar 1800 ya haye tsaunukan Alp da igwogi, ya ci Ostiriya a Marengo, ko da yake da rana tsaka an kusa cinye shi, sai da Janar Desaix ya iso da taimako, ya kuma mutu a filin.

Daga nan ya juya ga Ikkilisiya. A 1801 ya ƙulla yarjejeniya da Paparoma Pius na 7, aka maido da sujada a fili, ƙararrawa ta sake kaɗawa ran Lahadi. A shekarar da ta biyo, doka ta amince da ikkilisiyoyin Furotesta, gwamnati ta ɗauki biyan fastocinsu. Wannan alheri ne, ba za mu hana shi ba, haka ma kundin dokokin da ya kafa a 1804 wanda ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Amma shi ne zai zaɓi bishop-bishop, su kuma rantse masa. A 1802 ɗin nan kuma ya halatta bauta a wasu ƙasashen da Faransa ke mallaka, bayan an soke ta a 1794. Ya aika runduna Haiti, aka kama jagoran baƙar fata Toussaint Louverture ta hanyar yaudara, ya mutu a kurkukun Faransa a 1803. Mutanen Haiti da shawara suka cinye rundunar, ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1804.

Ran 2 ga Disamba, 1804, ya kira Paparoma daga Roma zuwa majami'ar Notre-Dame ta Paris don naɗinsa. Paparoma ya shafa masa mai, amma kambin, Napoliyon da hannunsa ya ɗora wa kansa.

Shekara guda cif bayan haka ya yi yaƙin da ake ɗauka shi ne gwanintarsa mafi girma. Ya riga ya zagaye sojan Ostiriya a Ulm, fiye da 20,000 suka miƙa wuya kusan ba faɗa. A Austerlitz, cikin ƙasar Cek ta yau, ya fuskanci sarkin Rasha da na Ostiriya, waɗanda suka fi shi yawan mutane. Da gangan ya sauka daga tudun Pratzen, ya bar hannun damansa kamar ba ƙarfi. Suka ga banza ta faɗi, suka gangaro daga tudun don su murƙushe wannan gefe. Da hazon safiya ya yaye, sojansa da ke ɓoye suka hau tudun, suka raba rundunar gida biyu. Kafin faɗuwar rana an gama. A 1806 ya rushe sojan Furusiya a Jena, a 1807 ya ci Rasha a Friedland. Teku ce kaɗai ta ƙi shi, gama a Oktoba 1805 Nelson ya farfasa jiragen Faransa da na Sifen a Trafalgar.

A cikin wannan ɗaukaka, a 1806, aka fito da sabon littafin katikizim don dukan majami'un Katolika na daular. A ƙarƙashin dokar girmama uba da uwa aka sa darasi a kan Napoliyon da sunansa: cewa wajibi ne a ƙaunace shi, a yi masa biyayya, a biya haraji, a shiga soja, wanda kuma ya ƙi ya cancanci hallaka ta har abada. Aka kuma tono wani waliyyi da kusan ba wanda ya taɓa jin labarinsa, aka ce sunansa Napoliyon, aka sa idinsa ran 15 ga Agusta. Mu da aikinmu ke nan, mu zauna da yara ana tambaya ana amsawa, mun san abin da yaro ya haddace yana ɗan shekara 8 ba ya fita. Shi ma ya sani. Yaran da suka haddace darasin nan a 1806, da yawansu su ne aka kwasa soja a 1813.

Da ya kasa haye teku, sai ya hana dukan Turai ciniki da Ingila. Wannan doka ce ta ja shi cikin rigingimun da suka ƙare shi. A 1808 ya ɗora wansa Yusufu a gadon sarautar Sifen, talakawa suka tashi da yaƙin sunƙuru, Ingila ta aiko Wellington ya taimake su, aka yi shekara 6 jini na zuba. Paparoma ma ya ƙi rufe tashoshinsa, ya ce shi ba ya gaba da kowace al'umma. A 1809 Napoliyon ya ƙwace ƙasarsa, Paparoma ya fitar da masu hannu a ƙwacen daga tarayyar Ikkilisiya. Cikin dare a watan Yuli sojoji suka fasa ƙofofin fadarsa, suka tafi da tsohon nan mai shekara 66. Aka tsare shi a Sabona, har takarda da tawada aka hana shi a wani lokaci. Makaminsa ɗaya ne: ya ƙi tabbatar da bishop-bishop ɗin da Napoliyon ya zaɓa. A 1812 aka kawo shi fadar Fontainebleau ba shi da lafiya. A Janairu 1813 Napoliyon ya matsa masa har ya sa hannu a wata takarda, amma bayan wata biyu tsohon ya rubuta ya janye, ya ce ya yi kuskure.

Kafin wannan, babbar masifa ta riga ta auku. A Yuni 1812 ya shiga Rasha da rundunar da ta kai wajen mutum 600,000 in an haɗa da waɗanda suka biyo baya, kusan rabinsu ba Faransawa ba ne. Rashawa suka ƙi tsayawa a yi yaƙin rana ɗaya da ya saba. Suka yi ta ja da baya suna ƙone amfanin gona, rundunar da ta saba cin abincin mutane ta rasa abin ci. Yunwa da zawo da zazzaɓin ƙwarƙwata sun kashe dubbai tun sanyi bai zo ba. Ran 7 ga Satumba aka gwabza a Borodino, inda waɗanda suka mutu da waɗanda suka ji rauni a ɓangarorin biyu suka kai wajen 70,000 a yini guda. Ya shiga Mosko ya tarar da ita kusan kango, wuta kuma ta tashi ta cinye yawancin birnin. Ya zauna mako 5 yana jiran Sarki Alekzanda ya nemi sulhu, amsa ba ta zo ba. Ran 19 ga Oktoba ya juya. Dusar ƙanƙara ta sauko, dawakai suka mutu aka cinye su, mahayan Kosak suna bin baya suna tsintar masu faɗuwa. A kogin Berezina dubbai suka nutse ko aka tattake su a kan gadoji biyu na katako. Ran 5 ga Disamba ya bar ragowar a hanya ya garzaya Paris, kamar yadda ya yi a Masar. Waɗanda suka komo ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Ya tara sabuwar runduna ta yara matasa, aka karya ta a Leipzig a Oktoba 1813. A Afrilu 1814 ya sa hannu a takardar murabus a Fontainebleau, gidan da ya tsare Paparoma har zuwa watan Janairun shekarar. Aka kai shi tsibirin Elba, Paparoma kuwa ya shiga Roma a watan Mayu jama'a na ta murna.

Bai daddara ba. A ƙarshen Fabrairu 1815 ya tsere, sojojin da aka aika su kama shi suka bi shi, ya sake hawa mulki na wajen kwana 100. Ran Lahadi, 18 ga Yuni, ya gamu da Wellington a Waterloo ta ƙasar Beljiyam. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi caɓi, bai fara yaƙi ba sai wajen hantsi ya ɗaga sosai. Jinkirin nan ya ba Blücher da sojan Furusiya, waɗanda ya ci kwana biyu da suka wuce, damar isowa. Da yamma ya tura dakarun fadarsa, su ma aka maido su, rundunar ta watse.

Ingilishi suka kai shi Santa Helena, wani tsibirin duwatsu a tekun Atilantika, wajen mil 1,200 daga gaɓar Afirka. Danginsa suka zama abin gudu a Turai. Wanda ya buɗe musu ƙofa shi ne Pius na 7: ya ba uwarsa Letiziya da wasu 'yan'uwansa mazauni a Roma, ya kuma sa aka roƙi gwamnatin Ingila ta sassauta wa fursunan. Da Napoliyon ya nemi firist, daga Roma aka aika biyu, suka isa a 1819. Ɗayansu, Fada Vignali, shi ya yi masa shafewar ƙarshe kafin ya mutu ran 5 ga Mayu, 1821, yana da shekara 51. Ɗansa, wanda tun yana jariri ya laƙaba wa sarautar Roma, ya rasu a Ostiriya a 1832 yana da shekara 21, bai taɓa taka Roma ba. A 1840 aka kwaso gawar Napoliyon zuwa Paris, inda kabarinsa yake har yau a gidan tsofaffin sojoji.