Samuel Ajayi Crowther: Bawan da ya zama bishop, cocinsa kuma ta juya masa baya

A watan Agustan 1890, a garin Onitsha, wani dattijo mai shekara kusan 80 ya zauna a kan kujerar shugabancin wani kwamiti yana sauraron samarin Turawa, waɗanda a haife jikokinsa ne, suna rushe aikin da ya yi fiye da shekara 30 yana ginawa. Sun dakatar da fastocin da shi da kansa ya naɗa, har da ɗansa Dandeson. Dattijon shi ne Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Angalika. Ya ajiye shugabancin kwamitin, amma bai fita daga cocin ba.

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, cikin jihar Oyo ta yau. A 1821, lokacin da daular Oyo ke wargajewa, mayaƙa suka auka wa garin, cikinsu da Fulani da Yarabawa Musulmi, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Aka raba su. Ya yi ta sauya iyayen giji, an taɓa musayarsa da doki, har ya faɗa hannun Turawan Fotugal a Legas. A watan Afrilun 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin da ke shirin ƙetare teku da shi, suka sauke shi a Freetown ta ƙasar Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a Disambar 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan. Shi ne ɗalibin farko da aka rubuta a Kwalejin Fourah Bay a 1827. Matarsa Asano, wadda ta zama Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce.

Tafiyar da Ingila ta shirya a Kogin Kwara a 1841 ita ta fito da shi. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama, sai ƙungiyar mishan ta CMS ta gane cewa in bishara za ta shiga cikin ƙasa, 'yan ƙasa ne za su kai ta. Abokin tafiyarsa, Bajamushe J. F. Schön, shi ne daga baya ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa. An naɗa Crowther fasto a Landan a 1843. Bayan shekara uku, a Abeokuta, ya haɗu da mahaifiyarsa, shekara 25 rabonsu da juna. Tsohuwar ta karɓi baftisma da suna Hannah.

Babban aikinsa na harshe ne. Ya tsara rubutun Yarabanci, ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki, ya kuma rubuta littattafan koyon harshen Ibo da na Nupe. Yakan zauna da dattawa da masu bautar gargajiya yana tattara kalmomi da karin magana, domin a ganinsa ba a cika zama mai bi ba sai mutum ya ji Allah na yi masa magana da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. A ranar 29 ga Yunin 1864 aka naɗa shi bishop a Canterbury, bisa matsin lambar Henry Venn, sakataren CMS, wanda burinsa shi ne cocin Afirka ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗu da kanta. Wasu Turawan mishan na ƙasar Yarabawa sun ƙi zama a ƙarƙashinsa tun daga ranar farko.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne zamansa da Musulmi, musamman idan aka tuna su wa suka kama shi yana yaro. Mutumin da aka yi wa haka yana da hujjar riƙo har kabari. Crowther bai riƙe ba. Tun yana malamin makaranta a Saliyo ya gwada jayayya da malaman Musulunci, ya ga cin gardama ba ya sauya zuciyar kowa, sai dai ya ƙara taurara ta. Daga nan ya canja salo. A fadar Sarkin Ilori a 1872, da aka yi masa tambayoyi a kan Yesu Almasihu, bai shiga muhawara ba. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta ayoyin da suka amsa kowace tambaya, ya fara da abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, wato haihuwar Almasihu daga budurwa Maryamu. Da aka nemi ya yi addu'a, sai ya ɗauki addu'ar da Angalika ke yi wa Sarauniyar Ingila ya sa sunan Sarkin a ciki. Bai sassauta ko ɗaya daga cikin abin da ya gaskata ba, bai kuma ci mutuncin masu masaukinsa ba.

Haka ya zauna da Etsu Nupe Masaba a Bida, wanda da izininsa mishan ta zauna a Lokoja. Aminci ya kai ga cewa a shekarun 1880 wani Etsu na baya, Maliki, ya aika masa da saƙo yana roƙon ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nupe. Sarki Musulmi ya zaɓi bishop ya zama bakinsa, kuma ya san abin da ya sa.

Ba a ce aikin Kogin Kwara ba shi da aibi ba. Kuɗi ba sa isa, tashoshi na nesa da juna, bishop ɗin kuma yakan dogara da jiragen 'yan kasuwa kafin ya kai ziyara. Wasu ma'aikatansa sun shiga fatauci, wasu sun yi abin kunya, kuma a Onitsha wasu sun doki wata yarinya har ta mutu, kotu ta same su da laifi. Crowther mutum ne mai jinkirin hukunci. Ya fi son ya ja mai laifi gefe ya yi masa nasiha da ya kore shi. Wannan rauni ne a wurin shugaba, babu musu. Sai dai samarin da suka zo daga Ingila, irin su J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, ba su tsaya ga masu laifi ba. Sun zo da wani ma'auni na tsarki wanda kusan babu Kiristan Afirka da ya tsallake shi, a daidai lokacin da kamfanin George Goldie ke korar 'yan kasuwa baƙaƙe daga kogin. Da wuya a yarda cewa launin fata ba ya cikin lissafin.

A nan ne imaninsa ya gamu da jarrabawar da ta fi bauta ɗaci, domin wannan karon daga cikin gida ta fito. Yana da kima da magoya baya a Legas da Saliyo da za su bi shi in ya ɓalle, kuma a 1891 wasu sun ɓalle sun kafa coci mai zaman kanta. Shi dai ya tsaya kan gaskiyarsa a rubuce, ya kare ma'aikatansa, ya amince ikilisiyoyin yankin Neja Delta su riƙa tafiyar da kansu, amma a cikin Angalika. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disambar 1891.

Robinson ya riga shi mutuwa, Brooke kuma ya bi shi a Lokoja cikin watanni kaɗan, ba tare da sun kai ƙasar Hausa da suka yi niyya ba. Bature aka naɗa ya gaje shi, kuma sai da aka yi kimanin shekara 60 kafin wani ɗan Najeriya ya sake riƙe dayosis ta Angalika. Jikansa Herbert Macaulay ya zama jigon fafutukar neman 'yancin ƙasa. Daga baya aka mayar da ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele zuwa harabar babbar majami'ar Christ Church da ke Marina. A 2014, a bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Canterbury Justin Welby ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya bayyana nadamar cocin kan abin da aka yi masa.