Jackie Robinson

Jack Roosevelt Robinson, wanda aka fi sani da Jackie Robinson (31 ga Janairu, 1919 – 24 ga Oktoba, 1972), ɗan wasan besbol ne ɗan ƙasar Amurka. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wasa a babbar gasar besbol ta ƙasar a ƙarni na 20. Ya yi shekara goma, daga 1947 zuwa 1956, yana yi wa ƙungiyar Brooklyn Dodgers wasa a filinta na Ebbets Field da ke birnin New York. Bai daɗe da yin ritaya ba ƙungiyar ta ƙaura zuwa Los Angeles, daga baya kuma aka rushe filin. Saboda haka sunansa ya haɗu da begen da mutanen Brooklyn ke yi na tsohuwar ƙungiyarsu da filinta har yau.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Robinson a garin Cairo na jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Iyayensa, Jerry da Mallie Robinson, manoma ne da ke noma gonar wani a raba amfani. A 1920 mahaifin ya bar gida, sai mahaifiyar ta kwashe yaran ta koma Pasadena a jihar Kalifoniya, inda ta riƙa yin aikatau domin ta ciyar da su. Yayansa Mack Robinson ɗan tsere ne, shi ya zo na biyu bayan Jesse Owens a gudun mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936.

Robinson ya yi makarantar sakandare ta John Muir, sannan kwalejin Pasadena, kafin ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1939. Shi ne ɗalibi na farko da ya wakilci jami'ar a wasanni huɗu: besbol, ƙwallon kwando, ƙwallon ƙafar Amurka da guje-guje. A 1940 ya lashe gasar dogon tsalle ta jami'o'in ƙasar. A nan ya haɗu da Rachel Isum, ɗalibar aikin jinya, wadda ya aura ranar 10 ga Fabrairu, 1946. Sun haifi 'ya'ya uku.

Aikin soja

An ɗauke shi soja a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ya samu muƙamin laftanar a watan Janairun 1943. A wancan zamani rundunar sojan Amurka na raba farare da baƙaƙe. Ranar 6 ga Yuli, 1944, a sansanin Camp Hood na jihar Texas, direban wata motar bas ta soja ya umarce shi ya koma kujerar baya, ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja a watan Agusta, kotun ta wanke shi. An sallame shi daga aiki cikin mutunci a watan Nuwamban shekarar.

Shigarsa babbar gasa

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowacce da 'yan wasa tara. Ɗaya yana jefo ƙwallo, abokin hamayya ya doke ta da sanda, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Duk wanda ya dawo tashar da ya tashi ba a fitar da shi ba, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan ƙungiyoyi suka daina ɗaukar baƙaƙen fata, ba tare da wata rubutacciyar doka ba. Wannan ya sa baƙaƙe suka kafa nasu ƙungiyoyi da gasa. A ɗaya daga cikinsu, Kansas City Monarchs, Robinson ya buga wasa a 1945.

Ranar 28 ga Agusta, 1945, shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya gana da shi a ofishinsa da ke Brooklyn. Rickey na neman ɗan wasan da zai iya shanye zagi da cin mutunci ba tare da ya rama ba, domin faɗa ko ɗaya zai ba masu adawa hujjar rufe ƙofar. Robinson, duk da an san shi da zuciya, ya amince. An fara tura shi Montreal Royals, ƙaramar ƙungiyar Dodgers da ke Kanada, inda a 1946 ya fi kowa yawan bugu mai kyau a gasar, ƙungiyar kuma ta zama zakara.

Ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya fito fili a Ebbets Field sanye da riga mai lamba 42, a karawa da Boston Braves. Mutum 26,623 ne suka kalli wasan, Dodgers ta ci 5 da 3. Shekarar ta zo masa da wahala. Kafin a fara gasa wasu abokan wasansa sun nemi haɗa takardar ƙin amincewa da shi, manaja Leo Durocher ya tsawata musu. Manajan Philadelphia Phillies, Ben Chapman, ya jagoranci 'yan wasansa wajen zaginsa a bainar jama'a. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, wasu otal-otal kuma suka hana shi kwana tare da sauran 'yan ƙungiyar. Duk da haka shi aka ba kyautar gwarzon sabon ɗan wasa ta 1947, wadda a shekarar aka fara bayar da ita. Wata uku bayan fitowarsa, Larry Doby ya shiga ƙungiyar Cleveland, sauran ƙungiyoyi suka biyo baya sannu a hankali.

A 1949 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na rukunin National League. An san shi da sauri da dabarar satar tasha, wato ya ruga tasha ta gaba yayin da hankalin mai jifa ke wani wuri. Sau 19 ya saci tashar ƙarshe, abin da ya fi kowace sata wuya a wasan.

Ebbets Field da mutanen Brooklyn

Brooklyn birni ne mai cin gashin kansa har zuwa 1898, lokacin da aka haɗe shi da New York. Mazaunansa, waɗanda da yawansu ma'aikata ne 'yan asalin Italiya da Ireland, da Yahudawa da baƙaƙen fata, sun ɗauki Dodgers a matsayin abin da ya rage musu na kansu. Sunan ƙungiyar ma daga titunan garin ya samo asali, domin yana nufin masu kauce wa taragon lantarki da ke ratsa unguwanni.

Mai ƙungiyar na wancan lokaci, Charles Ebbets, shi ya gina filin a yankin Flatbush, aka buɗe shi a watan Afrilun 1913. Ƙaramin fili ne da ke ɗaukar mutum wajen 32,000, a tsakiyar gidajen jama'a. Kujerun na dab da 'yan wasa, har 'yan kallo na iya yi musu magana su ji. Yawancin mutane da ƙafa ko jirgin ƙasa suke zuwa, 'yan wasa da dama kuma a unguwannin Brooklyn suke zaune. A wannan fili aka fara nuna wasan babbar gasa a talabijin, ranar 26 ga Agusta, 1939.

Wasu 'yan kallon sun yi suna kamar 'yan wasa. Akwai Hilda Chester, wadda ke zama a kujerun masu ƙaramin kuɗi tana kaɗa ƙararrawa. Akwai gungun makaɗa 'yan sa-kai da ke tsokanar alƙalan wasa da abokan hamayya da kiɗa. Wani mai sayar da tufafi, Abe Stark, ya kafa allon talla a ƙasan allon maki, ya yi alƙawarin kwat kyauta ga duk ɗan wasan da ƙwallonsa ta doki allon. Waɗanda ke gida kuwa suna bin wasa a rediyo ta muryar Red Barber, daga 1950 kuma har da Vin Scully.

Tare da Robinson, ƙungiyar ta tara fitattu irin su Pee Wee Reese, Roy Campanella, Duke Snider, Gil Hodges da Don Newcombe. Sun kai wasan ƙarshe na World Series sau shida a zamaninsa: 1947, 1949, 1952, 1953, 1955 da 1956. Kowane karo da maƙwabtansu New York Yankees suka haɗu, kuma sau biyar suna shan kashi. A 1951 ma New York Giants ta ƙwace musu damar a bugun ƙarshe na wasan raba gardama. Sai ranar 4 ga Oktoba, 1955, Dodgers ta doke Yankees 2 da 0 a wasa na bakwai. Wannan ne kaɗai kofin World Series da ƙungiyar ta ci tana Brooklyn.

Ritaya da ƙaurar ƙungiya

A watan Disamban 1956 Dodgers ta sayar da Robinson ga Giants, amma bai buga musu ko wasa ɗaya ba. Ya sanar da ritayarsa a watan Janairun 1957, yana da shekara 37.

A lokacin, Walter O'Malley, wanda ya karɓi ragamar ƙungiyar a 1950, yana neman sabon fili. Ebbets Field ya tsufa, babu wurin faɗaɗa shi, wurin ajiye motoci bai wuce na mota 700 ba, alhali iyalai da yawa sun koma bayan gari sun dogara da mota. O'Malley ya nemi hukumar birni ta taimaka masa ya samu fili a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush. Jami'in tsara birni Robert Moses ya ƙi, ya yi masa tayin wuri a yankin Queens. Da aka kasa daidaitawa, O'Malley ya karɓi tayin Los Angeles.

An buga wasan ƙarshe a Ebbets Field ranar 24 ga Satumba, 1957, Dodgers ta ci Pittsburgh Pirates 2 da 0 a gaban mutum 6,702 kacal. Ranar 8 ga Oktoba aka sanar da ƙaura. Giants ma ta koma San Francisco a shekarar. An fara rushe filin ranar 23 ga Fabrairu, 1960, da wani ƙaton dunƙulen ƙarfe da aka yi wa fenti kamar ƙwallon besbol, aka gina dogayen benayen haya a wurin. Tsofaffin magoya baya sun daɗe suna ɗora wa O'Malley laifi, wasu masana tarihi kuma na ganin Moses na da nasa kason.

Rayuwa bayan wasa

Daga 1957 zuwa 1964 Robinson ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba mai kula da ma'aikata a kamfanin kofi na Chock full o'Nuts. Ya yi aiki da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, ya tara mata kuɗi, ya kuma halarci babban gangamin birnin Washington na 1963 da Martin Luther King ya yi jawabi. A 1964 yana cikin waɗanda suka kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem. Siyasarsa ta jawo masa suka daga wasu baƙaƙen fata, musamman goyon bayan da ya ba Richard Nixon a zaɓen 1960. A 1962 aka shigar da shi zauren karrama fitattun 'yan besbol da ke Cooperstown, shi ne baƙar fata na farko da ya samu haka.

Rasuwa

Ciwon suga da ciwon zuciya sun raunana shi, ganinsa ya ragu sosai. Babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1971. Ranar 15 ga Oktoba, 1972, an karrama shi a wasan World Series a Cincinnati, inda ya nuna cewa burinsa shi ne ya ga baƙar fata ya zama manajan ƙungiya. Ya rasu bayan kwana tara a gidansa da ke Stamford, jihar Connecticut, yana da shekara 53. An binne shi a maƙabartar Cypress Hills da ke Brooklyn. Burin nasa ya cika a 1975, lokacin da Frank Robinson ya zama manajan Cleveland.

Tunawa da shi da kuma filin

A shekarar da ya rasu, ɗan jarida Roger Kahn ya fitar da littafin The Boys of Summer, inda ya bi sawun 'yan wasan Dodgers na shekarun 1950 bayan girma ya kama su. Littafin ya samu karɓuwa, ya kuma buɗe hanya ga littattafai da finafinai da dama kan ƙungiyar. Ga waɗanda suka tashi a Brooklyn, begen ya wuce na wasa kawai. Ƙaurar ta zo daidai da lokacin da jaridar Brooklyn Eagle ta rufe a 1955, masana'antu suka fara barin yankin, maƙwabta suka watse. Filin shi ne wurin da kowane jinsi ke haɗuwa, kuma a cikinsa aka karya shingen launin fata, abin da mutanen yankin ke alfahari da shi.

Ƙungiyar New York Mets, wadda ta fara wasa a 1962 domin cike gurbin da aka bari, ta ɗauki launin shuɗi na Dodgers da ruwan lemo na Giants. Filinta na Citi Field, da aka buɗe a 2009, an tsara fuskarsa ne bisa siffar Ebbets Field, kuma babban zauren shiga yana ɗauke da sunan Jackie Robinson.

A 1973 matarsa Rachel ta kafa gidauniya da sunansa, wadda ke ba ɗalibai tallafin karatun jami'a. A 1984 aka ba shi lambar yabo ta 'yanci ta shugaban ƙasa. A 1997, shekara 50 da fara wasansa, aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyin babbar gasa, ba za a sake ba wani sabon ɗan wasa ita ba. Mariano Rivera na Yankees ne na ƙarshe da ya riƙe ta, har ya yi ritaya a 2013, shekarar da aka fitar da fim ɗin 42 wanda Chadwick Boseman ya fito a matsayin Robinson. Tun 2004 ake bikin ranar Jackie Robinson kowace 15 ga Afrilu, kuma daga 2009 duk 'yan wasa da alƙalai lamba 42 suke sakawa a ranar. A 2022 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a birnin New York.