Tom Mix: Kaboyin da Ƙananan Garuruwan Amurka Suka Ɗaukaka

An haifi Tom Mix a jihar Pennsylvania ta Amurka a 1880. Ya shiga harkar fim wajen 1910, zamanin da fim ba ya magana, sai dai a nuna rubutu jefi-jefi, mai kaɗa piyano yana raka hotunan da kiɗa. A ƙananan garuruwa, manoma da yara sun fi son sukuwa da harbe-harbe, waɗanda ido kaɗai ke fahimta, a kan labaran soyayyar masu kuɗin birni. A nan Mix ya sami kasuwa. Shi da dokinsa Tony suka zama abin dogaron masu gidajen silima na karkara, musamman ranar Asabar, har kamfanin Fox ya riƙa biyansa dubban daloli a mako.

Zuwan fim mai magana a 1927 ya dusashe tauraronsa, karayar tattalin arzikin 1929 kuma ta lashe dukiyarsa. Ya koma zagaya garuruwa yana wasan dawaki. Ya mutu a haɗarin mota a Arizona a 1940. Ya fito a fina-finai kimanin 290, amma yawancinsu sun ɓace.