Malam Aminu Kano da kujeru bakwai na Majalisar Dattawa

A ranar 7 ga watan Yulin 1979 ne 'yan Najeriya suka fita zaɓen 'yan Majalisar Dattawa, wanda shi ne karo na farko da talakawa suka zaɓi sanatoci da ƙuri'unsu kai tsaye, domin a jamhuriya ta farko gwamnatocin yankuna ne ke tura wakilai wannan majalisa. A wancan lokaci masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na yanzu, tana cikin tsohuwar jihar Kano ne. Jihar baki ɗayanta ta bi mutum guda a wannan zaɓe, wato Malam Aminu Kano, kuma abin da ta yi ya sauya lissafin mulkin ƙasar na shekaru huɗu.

Asali da karatu

An haifi Malam Aminu Kano ranar 9 ga watan Agustan 1920 a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne da ya yi aiki a kotun alƙali, kuma zuriyarsu ta Genawa ta shahara da ilimin shari'a. Ya fara da karatun allo, sannan ya shiga makarantar Shahuci da Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna.

A 1942 ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi. A can ne ya ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, ya kuma yi aiki tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama firayim minista. Ya tafi ƙarin karatu birnin London a 1946, kuma bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Aikinsa na ƙarshe na gwamnati shi ne a makarantar horar da malamai ta Maru, inda ya ajiye alli a 1950 ya rungumi siyasa.

Zamanin NEPU

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga watan Agustan 1950, kuma Malam Aminu ya zama shugabanta a 1953. Manufar jam'iyyar ita ce ƙwato wa talaka 'yancinsa daga mulkin En'e, wanda ke riƙe da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Ta yi adawa da aikin tilas da kuma yadda ake karɓar haraji da jangali. Magoya bayanta da dama sun sha ɗauri da bulala da kora daga garuruwansu.

Duk da farin jinin da take da shi, NEPU ba ta taɓa samun kujerun da za su girgiza jam'iyyar NPC ba. Malam Aminu ya shiga Majalisar Wakilai ta tarayya a 1959, ya kuma rasa kujerar a 1964. Bayan sojoji sun karɓi mulki, ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya, daga bisani na lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon.

Lokacin da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, an yi ta ƙoƙarin ganin manyan 'yan siyasar Arewa sun dunƙule a jam'iyyar NPN. Malam Aminu ya halarci tarurrukan farko, amma ya fice, ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi.

Zaɓen 1979

Sabon tsarin mulki ya bai wa kowace daga cikin jihohi 19 kujeru biyar a Majalisar Dattawa, jimla 95 ke nan, don haka jam'iyyar da ke son rinjaye sai ta sami 48. Wannan ne kuma zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a, abin da Malam Aminu ya shafe shekaru yana fafutuka a kansa.

Da aka kammala ƙidaya, NPN ta sami kujeru 36, UPN ta Cif Obafemi Awolowo 28, NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe 16, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim 8, sai PRP mai 7. Biyar daga cikin bakwai ɗin na jihar Kano ne, wato jam'iyyar ta lashe dukkan kujerun jihar, har da ta mazaɓar da Gumel ke ciki. Sauran biyun daga jihar Kaduna suka fito. Cikin sanatocin Kano akwai Alhaji Sabo Bakin Zuwo.

A ƙidaya, PRP ce ƙarama a majalisar. Sai dai inda ta samo kujerun nata shi ne abin lura. NPN ta ɗauki kanta a matsayin magajiyar NPC, kuma Kano ce jihar da ta fi kowace yawan masu zaɓe a Arewa. Rasa ta baki ɗaya, tare da kujerun da GNPP ta ɗauka a Borno da maƙwabtanta, ya nuna cewa Arewa ba ta magana da murya ɗaya, ya kuma bar NPN da giɓin kujeru 12 kafin ta kai ga rinjaye.

Makonni biyar bayan haka, jihar ta sake zama abin magana a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga watan Agusta. Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a jihohi 12, amma a Kano abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Daga nan ne aka shiga taƙaddamar nan ta ko nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, wadda sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Satumba. Malam Aminu ya zo na huɗu da ƙuri'u fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai.

Ƙawance da ɓaraka

Da yake ba ta da rinjaye, dole NPN ta nemi abokin tafiya. Ta ƙulla yarjejeniya da NPP, suka haɗa kujeru 52. Dokta Joseph Wayas na NPN ya zama shugaban Majalisar Dattawa, John Wash Pam na NPP ya zama mataimakinsa, yayin da Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakakin Majalisar Wakilai.

A jihohi kuwa, PRP ta kafa gwamnati a Kano ƙarƙashin Alhaji Abubakar Rimi, da Kaduna ƙarƙashin Alhaji Balarabe Musa. Tun farkon hawansu suka soke haraji da jangali. Ga manoman gero da makiyayan ƙasar Gumel, inda kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ci kowace Alhamis a bakin iyakar Nijar, wannan shi ne cikar alkawarin da NEPU ta ɗauka kusan shekaru talatin da suka gabata.

To sai dai nasarar ta zo da tambayar da ta raba jam'iyyar gida biyu: da wa ƙaramar jam'iyya za ta yi tafiya? Gwamnonin biyu sun shiga taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, tare da na UPN da GNPP. Malam Aminu da shugabannin jam'iyya ba su amince ba, domin suna ganin hakan zai mayar da PRP 'yar amshin shatar Cif Awolowo. Ɗaya ɓangaren kuma ya zargi na kusa da Malam da sassauta wa NPN. Daga 1980 jam'iyyar ta rabu zuwa 'yan Taɓo masu biyayya ga Malam, da 'yan Santsi masu bin gwamnoni, kuma rabuwar ta shiga har cikin 'yan majalisunta na tarayya.

Shekarar 1981 ta zo da abubuwa masu nauyi. A watan Yuni majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa. A watan Yuli ƙawancen NPN da NPP ya wargaje, aka kuma yi tarzomar Kano da aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai bai wa Gwamna Rimi shawara kan siyasa. Daga nan gwamnatin Shagari ta koma neman goyon bayan ɗaiɗaikun sanatoci daga jam'iyyun adawa da suka dare, abin da ya ƙara wa kowace ƙuri'a daraja a zauren majalisar.

Rasuwa da abin da ya bari

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga watan Afrilun 1983, yana shirin sake takarar shugaban ƙasa, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. A zaɓen sanatoci na watan Agustan wannan shekara, NPN ta sami kujeru kusan 60 cikin 96, rinjayen da ta rasa a 1979, a zaɓen da 'yan adawa suka yi ƙorafin an tafka maguɗi. PRP ta koma kujeru biyar. Amma Kano ba ta juya wa jam'iyyar Malam baya ba: Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Abubakar Rimi, wanda ya koma NPP, a takarar gwamna. Ranar 31 ga watan Disamba sojoji suka kifar da jamhuriyar baki ɗaya.

A 1991 aka cire Jigawa daga jihar Kano, kuma ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel suka shiga mazaɓar sanata ta Jigawa ta Arewa maso Yamma. Alhaji Sule Lamido, wanda ya je Majalisar Wakilai a tutar PRP a 1979, ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2015. Gidan Malam na Mambayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, kuma filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa.

Malam Aminu bai taɓa zama shugaban ƙasa ko gwamna ko sanata ba, bai kuma bar wata dukiya ba. Har yanzu 'yan siyasa na jam'iyyu dabam-dabam a Kano da Jigawa na danganta kansu da gidansa a lokutan yaƙin neman zaɓe.