Olaudah Equiano: Bawan da ya fanshi kansa ya kutsa tekun ƙanƙara

A watan Afrilun 2022 aka janyo wata doguwar wayar intanet ta ƙarƙashin teku zuwa gaɓar Legas, wadda kamfanin Google ya shimfiɗa daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu. Sunan wayar Equiano. Mai sunan kuwa ya rasu tun shekarar 1797, bayan ya shafe rabin rayuwarsa a kan ruwa: da farko a matsayin kayan sayarwa a cikin jirgin bayi, daga baya a matsayin matuƙi mai cin gashin kansa. An fi saninsa da littafin tarihin rayuwarsa da kuma yaƙin da ya yi da cinikin bayi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne tafiyar da ya yi a 1773 zuwa tekun Aktik, tekun ƙanƙara da ke ƙuryar arewacin duniya. Takardun wannan tafiya, waɗanda ke ajiye a ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi, su ne suka gaskata labarinsa, kuma su ne suka tayar da tambaya mafi nauyi a kan asalinsa.

Bisa abin da ya rubuta da kansa, an haifi Olaudah Equiano wajen shekarar 1745 a wani gari mai suna Essaka a ƙasar Ibo, kudu maso gabashin Najeriya ta yau. Yana da kimanin shekara goma sha ɗaya masu satar mutane suka sace shi tare da 'yar'uwarsa, aka raba su, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya isa bakin teku. Daga nan jirgin bayi ya ƙetare da shi tekun Atilantika zuwa tsibirin Barbados, sannan Bajiniya a Amurka. A can wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Michael Henry Pascal ya saye shi, ya laƙaba masa sunan Gustavus Vassa, sunan wani tsohon sarkin Suwidin. Da wannan suna ya yi aure, da shi ya rubuta wasiyya, kuma da shi ne ake samunsa a takardun hukuma.

A hannun Pascal ya tashi cikin jiragen yaƙi, a lokacin Yaƙin Shekara Bakwai tsakanin Birtaniya da Faransa. Ya ga kewayen da aka yi wa garin Louisbourg a Kanada a 1758, ya kuma yi jigilar albarushi ga masu harba igwa a gumurzun teku na 1759 kusa da Lagos ta ƙasar Fotugal. A cikin jiragen nan ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Ya sa rai za a 'yanta shi idan yaƙi ya ƙare, amma a ƙarshen 1762 Pascal ya sayar da shi, aka kai shi tsibirin Montserrat, inda wani ɗan kasuwa mai suna Robert King ya saye shi. King ya bar shi yana ɗan ƙaramin ciniki na kansa a tashoshin da jiragensa ke tsayawa. Da kofunan gilashi da 'ya'yan itatuwa ya fara, yana tara kwabo bisa kwabo, har a watan Yulin 1766 ya biya fam 40 ya fanshi kansa.

Da ya koma Landan ya koyi gyaran gashi, ya ci gaba da shiga jirage zuwa Italiya da Turkiyya, sannan ya kama aiki wurin Dakta Charles Irving. Wannan likita ya ƙirƙiro wata na'ura mai dafa ruwan teku ta mayar da tururinsa ruwan sha, abin da ke da matuƙar daraja ga matuƙan da ke watanni ba su ga rijiya ba. Wannan aiki ne ya kai Equiano ƙasar ƙanƙara.

A wancan zamani wasu masana a Turai sun yi imani cewa idan jirgi ya ratsa zoben ƙanƙarar da ke arewa, zai tarar da buɗaɗɗen teku a ƙuryar duniya, ya bi ta nan ya gangara Indiya ta gajeriyar hanya. Ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta nemi a gwada, rundunar sojan ruwa ta ba da jirage biyu, Racehorse da Carcass, aka ƙara musu katako mai kauri saboda karo da ƙanƙara. Constantine John Phipps ne jagora. Irving ya shiga Racehorse da na'urarsa, Equiano na taimaka masa. A jirgi na biyu akwai wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Horatio Nelson, wanda daga baya ya zama mashahurin kwamandan sojan ruwan Birtaniya. Suka tashi a farkon watan Yunin 1773, lokacin da a ƙasar Hausa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai kai shekara ashirin ba, yana gab da fara wa'azi a Ɗagel.

Equiano ya ƙuduri aniyar rubuta abin da ya gani kullum. Da yake ba shi da ɗaki, sai ya riƙa zama a ma'ajiyar kayan likita yana rubutu da hasken kyandir. Wani dare tartsatsi ya faɗa kan ɓawon igiya, wuta ta kama, tufafinsa suka soma ci, kuma saura kaɗan jirgin ya ƙone da duk wanda ke ciki, sai da matuƙa suka danne wutar da barguna da katifu. An yi masa faɗa sosai, aka hana shi sake shiga da wuta. Ba a daɗe ba ya koma, domin bai sami wani wurin rubutu ba.

Aikinsa na yau da kullum shi ne tace ruwa, galan 26 zuwa 40 a rana kamar yadda ya lissafa. Da suka isa tsibiran Spitsbergen sai suka shiga yankin da rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci na shekara, dare da rana duk haske ne. Ya ga duwatsun ƙanƙara masu yawo a ruwa, da manyan kifayen teku, da wata dabba mai haure mai kama da dorinar ruwa, da farar dabbar ƙanƙara da ake kira beya. Jiragen suka yi ta bin gefen ƙanƙara gabas da yamma suna neman ƙofa, ba su samu ba. A ƙarshen Yuli ƙanƙarar ta rufe su ta kowace fuska. Suka yi ƙoƙarin yanka hanya da zarto, abin ya faskara. Phipps ya ba da umarnin a fara jan ƙananan kwalekwale a kan ƙanƙara zuwa inda ruwa yake, da niyyar barin jiragen. Ana cikin wannan wahala Equiano ya zame ya faɗa wani ramin ruwa, ya kusa nutsewa kafin a ciro shi. Bayan kwana goma da 'yan kai iska ta juya, ƙanƙara ta tsage, jiragen suka kuɓuta. A watan Satumba suka koma Ingila, bayan sun sha guguwa a hanya.

Ba su sami hanyar Indiya ba, amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. A 1774 Phipps ya wallafa rahotonsa mai suna A Voyage towards the North Pole. A ciki ya ba da bayanin kimiyya na farko a kan farar beya, ya sa mata sunan Latin da ake amfani da shi har yau, Ursus maritimus. Ya kuma rubuta yadda suka zura igiya mai nauyi a tekun Norwe har ta taɓa ƙasa a zurfin gaba 683, wato kimanin mita 1,250, awon da masu tarihin ilimin teku ke lissafawa cikin na farko da aka yi a teku mai zurfi. Shi kuwa Equiano, ganin mutuwa ido da ido ya sa ya dawo yana tunanin makomarsa, ya duƙufa ga addininsa na Kirista.

Rayuwarsa bayan nan ba ta rasa tabo ba. A 1775 ya bi Irving zuwa gaɓar Amurka ta Tsakiya domin kafa gona, ya taimaka wajen zaɓen bayin da za a saya, ya kuma yi aikin kula da su kafin ya bar wurin. Shi da kansa ya rubuta wannan, bai ɓoye ba. Daga baya ne ya tsaya tsayin daka a kan cinikin bayi. A 1783 shi ya kai wa Granville Sharp labarin jirgin Zong, wanda matuƙansa suka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku domin masu jirgin su karɓi kuɗin inshora. A 1786 aka naɗa shi jami'in guzuri na shirin mayar da baƙaƙen fata matalauta daga Landan zuwa Saliyo, aka sallame shi a 1787 bayan ya yi ƙorafi a kan almundahana. A 1789 ya wallafa tarihin rayuwarsa, The Interesting Narrative of the Life of Olaudah Equiano, ya zagaya Ingila da Sukotilan da Ayalan yana sayarwa. An buga littafin sau tara yana raye, aka fassara shi zuwa harsunan Holan da Jamus da Rasha. Ya auri Susannah Cullen a 1792, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ya rasu a Landan ranar 31 ga Maris, 1797, shekara goma kafin majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807.

Bayan rasuwarsa littafin ya daɗe a kan kantocin ɗakunan karatu ba mai waiwayarsa, sai a 1967 da Paul Edwards ya fitar da taƙaitaccen bugu cikin jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann. A 1989 Catherine Acholonu ta wallafa bincike inda ta ce Essaka shi ne garin Isseke na jihar Anambra. Sannan wani malamin jami'a Ba'amurke, Vincent Carretta, ya bi sawun Equiano cikin takardun hukuma. Ya tarar cewa sunayen jirage da na kwamandoji da yawancin ranakun da ya ambata sun dace da abin da ke rubuce. Amma ya ci karo da takardu biyu. Rajistar baftisma ta cocin St Margaret da ke Westminster, ta watan Fabrairun 1759, ta nuna an haifi yaron a Karolina. Rajistar ma'aikatan jirgin Racehorse ta 1773, wadda ke gidan adana tarihi na ƙasar Birtaniya a Kew, tana ɗauke da wani Gustavus Weston, haifaffen Karolina ta Kudu. Carretta ya bayyana wannan a 1999, ya faɗaɗa shi a littafinsa na 2005, yana mai cewa mai yiwuwa Equiano ya tattara labarin Afirka ne daga bakin wasu bayi.

Wasu masana ba su yarda ba. Cikinsu akwai Paul Lovejoy, masanin tarihin nan da ya yi bincike a kan fataucin goro na Hausawa. Hujjarsu ita ce a 1759 Equiano yaro ne kuma bawa, ba shi ke faɗa wa magatakarda abin da zai rubuta ba. A 1773 kuma, baƙar fata da ya fanshi kansa yana iya samun dalilin ɓoye asalinsa domin kare kansa. Sun kuma nuna cewa kalmomi da al'adun da ya bayyana sun yi daidai da na Ibo. Tun yana raye ma, a 1792, wasu jaridun Landan sun ce a wani tsibirin Karebiyan aka haife shi, ya musanta, ya kawo sunayen mutanen da suka san shi tun bai iya Turanci ba. Har yau ba a rufe muhawarar ba.

Tafiya guda ta bar shaidu uku: labarin mataimakin likita, da rahoton kwamanda, da rajistar magatakardan jirgi. Equiano ya ce sun kai digiri 81 a arewa. Phipps, wanda ke riƙe da kayan awo, ya rubuta digiri 80 da minti 48, kimanin kilomita 1,000 kafin ƙuryar duniya. Phipps ya ba da zurfin ruwa da sanyinsa, Equiano ya ba da fargabar mutanen da ke jan kwalekwale, magatakarda kuma ya ba da suna da wurin haihuwa. Wanda ya karanta ɗaya ya bar sauran, ya ga gefe guda ne kawai.

Ɗalibin da ke Abuja ko Zariya ba sai ya yanki tikitin Landan ba kafin ya fara. Littafin Equiano yana nan kyauta a shafin Project Gutenberg, rahoton Phipps kuma a Internet Archive. Ana iya duba jerin takardun Kew ta intanet, haka ma na ɗakin karatun Caird a gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich, da na Cibiyar Scott ta binciken yankunan ƙanƙara a Jami'ar Kambirij, wadda aka kafa a 1920. A gida kuwa akwai Ɗakin Karatu na Ƙasa mai hedikwata a Abuja, da Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Victoria Island a Legas. Wajen nema, a gwada sunan Vassa da na Weston da na jirgin, domin wanda ya tsaya ga sunan Equiano kaɗai ba zai same shi a rajistar Racehorse ba.

Irin waɗannan tsofaffin takardu suna da amfani har gobe. Masana yanayi suna komawa ga kundayen jiragen da suka shiga Aktik domin gano inda gefen ƙanƙara yake a ƙarnonin baya, su kwatanta da na yanzu. Narkewar ƙanƙarar da ke kan ƙasa a Girinlan da Antatika tana ƙara tudun teku, kuma Najeriya tana da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 850, da Legas a bakinta. Ruwan da Equiano ya tace a arewacin Spitsbergen haɗe yake da wanda ke dukan gaɓar da ya ce daga ita aka ɗauke shi yana yaro.