Ian Charleson, ɗan fim ɗin da ya bar wasiyya a faɗi ciwon da ya kashe shi



A wanga gidan rediyo da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu karanta sanarwar rasuwa ba. Kun san yadda take zuwa: wane ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ko bayan doguwar jinya, za a yi addu'a rana kaza a ƙofar gidan wane. Sunan ciwon ba ya shiga takarda, mu ma ba mu tambaya, don rufin asiri abu ne da muka gada. To yau a filinmu na tarihin mutanen duniya mun ɗauko labarin wani bature, ɗan wasan kwaikwayo, wanda ya rufe asirin ciwonsa yana da rai, amma ya bar wasiyya cewa in ya mutu a faɗa wa duniya sunan ciwon. Sunansa Ian Charleson, mutumin Sikotilan, yankin nan na arewacin Birtaniya da masu Faransanci ke ce wa Ekos.

An haife shi ranar 11 ga watan Agusta na 1949 a Edinbara, babban birnin Sikotilan. Ba ɗan masu kuɗi ba ne. Ubansa ma'aikacin ɗab'i ne, kuma a unguwar masu neman na tuwo ya tashi. Abu biyu Allah ya ba yaron: kai da murya. Kan ya samo masa tallafin karatu har ya shiga Royal High School, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun birnin. Muryar kuwa ta sa shi cikin ƙungiyar mawaƙa ta coci da ta makaranta tun yana ƙarami. A 1967 ya shiga jami'ar Edinbara da niyyar koyon zanen gine-gine. Sai dai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai ta janye hankalinsa, ya bar zancen gini, ya sauya fanni, ya gama a 1970. Daga nan ya gangara Landan, ya shiga makarantar koyon wasa da ake kira LAMDA.

Sai mu ɗan tsaya nan, don a fahimci wani abu. A Ingila, ɗan wasa na ƙwarai ba a fim ake fara auna shi ba, a kan dandamali ne, gaban mutane ido da ido, irin abin da mu nan muke cewa teyatur. Babu a yanke a sake ɗauka. In ka manta magana, kowa ya gani. Nan Charleson ya yi shekarunsa na farko, a gidan wasan Young Vic daga 1972, sannan babban gidan wasa na ƙasa, sannan ƙungiyar da ke wasannin Shakespeare. Fim ɗinsa na farko shi ne Jubilee, a ƙarshen shekarun 1970, bai kuma kai shi ko'ina ba.

Abin da ya fito da sunansa shi ne Chariots of Fire, na 1981, wanda ma'anarsa kamar a ce kekunan doki na wuta. Ko wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, wataƙila ya taɓa jin kiɗansa, wanda Vangelis ɗan Girka ya tsara, don har gobe ana sa shi a shirye-shiryen wasannin motsa jiki. Hoton da ke tare da kiɗan ma ya shahara: samari cikin fararen kaya suna gudu ba takalmi a bakin teku. A gaɓar garin St Andrews na Sikotilan aka ɗauke shi.

Labarin na gaskiya ne. Ƴan tsere biyu ne na Birtaniya a wasannin Olamfik na Paris a 1924. Ɗaya Harold Abrahams, Bayahude, mai gudu don ya rufe bakin masu raina asalinsa. Ɗayan Eric Liddell, ɗan Sikotilan da aka haifa a ƙasar Sin inda iyayensa ke aikin mishan, Kirista mai riƙo da addini sosai. Tseren mita 100 shi ne gwanintar Liddell, amma zagayen share fage ya faɗo ranar Lahadi, ranar da a aƙidarsa ta ibada ce kawai. Ya ce ba zai yi gudu ba. Aka yi ta surutu, wasu har suna ganin ya ci amanar ƙasa. Ya koma tseren mita 400, wanda ba a sa masa rai ba, ya cinye zinariya cikin daƙiƙa 47.6. Shekara ɗaya bayan haka ya koma Sin aikin koyarwa da wa'azi, can kuma ya mutu a 1945 cikin sansanin da sojojin Japan suka tsare baƙi.

Gaskiya dai masu fim sun ƙara gishiri. A fim, Liddell yana shirin hawa jirgin ruwa zuwa Faransa ya ji zancen Lahadi. A zahiri ya sani tun watanni kafin nan, har ya yi shirin mita 400 ɗin. Amma ƙin gudun, wannan ya faru.

Masu shirya fim ɗin, David Puttnam da darakta Hugh Hudson, sun daɗe suna neman ɗan Sikotilan da zai iya zama Liddell. Suka ga Charleson a wani wasan dandamali kan rayuwar mawaƙiyar Faransa Edith Piaf, suka ce shi ke nan, an samu. Ashe shi ma ya riga ya ji labarin fim ɗin daga bakin ubansa, yana ta kwaɗayin matsayin. Da aka ba shi, bai yi wasa ba. Shi ba ɗan tsere ba ne, sai da ya yi watanni yana horo a hannun mai koyar da gudu Tom McNab, har ya iya irin gudun Liddell, kai a baya, baki buɗe, hannuwa na dukan iska. Ya kuma zauna ya yi ta nazarin Littafi Mai Tsarki na Kirista don ya gane tunanin mutumin. Akwai wurin da Liddell ke yi wa talakawa jawabi bayan tsere, cikin ruwan sama. Jawabin da aka rubuto masa bai kwanta masa ba, ya ga ya yi kama da wa'azin tsoratarwa, sai ya nemi izini ya rubuta nasa da kansa. Shi ne wanda ke cikin fim ɗin.

A ganinmu nan gwanintarsa take. Fitowa a matsayin mugu ba wuya, ka zare ido, ka daka tsawa, ƴan kallo sun gamsu. Fitowa a matsayin mutumin kirki mai tsoron Allah, ba tare da ka zama kamar gunki ko mai riya ba, shi ne aiki. Masu bin finafinan Hausa sun san sau nawa ake sa wa mutum rawani da carbi a ce malami ne, kallo ɗaya ka san kaya ne kawai. Charleson ya yi Liddell mai fara'a, mai son gudu kamar yaro, wanda in ya ce a'a ba ya ɗaga murya.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu a 1982, har da ta fim mafi kyau na shekara. Shekara na zagayowa sai ga Charleson cikin wani da ya ci takwas, shi ma har da ta fim mafi kyau: Gandhi, na Richard Attenborough, inda Ben Kingsley ya fito a matsayin jagoran ƴancin Indiya. Nan ma mai addini aka ba shi, Charlie Andrews, limamin coci ɗan Ingila da ya haɗu da Gandhi a Afirka ta Kudu ya zama amininsa, ya tsaya tare da Indiyawa a kan mulkin mallakar ƙasarsa ta haihuwa.

Wanda ya fito a manyan finafinai biyu a jere haka, sai a ce ai Hollywood ta buɗe masa ƙofa. Ba ta buɗe ba. Ya sami ɗan ƙaramin matsayi a Greystoke na 1984, labarin Tarzan, wanda aka ɗauki wani sashensa a Kamaru. Ya yi wasu na talabijin, ya yi wani fim na ban tsoro a Italiya mai suna Opera a 1987. Babu wanda ya kama ƙafar na farko. Dandamali ne ya riƙe shi. A 1982 ya yi waƙa da rawa a Guys and Dolls, daga baya ya fito a Fool for Love da Cat on a Hot Tin Roof, duk a gidan wasa na ƙasa, ana ta yabonsa.

A 1986 gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar cutar Sida.

Matasa da ke jin mu yanzu sai sun tambayi manya kafin su gane mi wannan ke nufi a lokacin. Maganin da ake sha yau mutum ya rayu, ya yi aiki, ya tsufa, bai samu ba sai wajen 1996. Na farko da aka amince da shi, AZT, ya fito a 1987, kuma jinkiri kawai yake kawowa. Mu nan har laƙabi aka yi wa ciwon, kabari salamu alaikum. Turai ma tsoron ɗaya ne. Ana gudun haɗa kofi da mai ciwon, ana korar mutane daga aiki. Da Gimbiya Diana ta gaisa da wani majinyaci hannu da hannu ba safa a wani asibitin Landan a 1987, sai da abin ya zama babban labari a duniya. Ɗan wasan da aka san yana da ita kuwa, wa zai ba shi aiki? Don haka Charleson ya yi shiru, sai na jikinsa ƙalilan suka sani. Ba mu ga laifinsa ba.

Sai ga 1989. Gidan wasa na ƙasa na nuna Hamlet, wasan Shakespeare mafi tsawo. Labarin yariman Danmak ne wanda ƙanen ubansa ya kashe uban, ya hau sarauta, ya aure uwar. Fatalwar uban ta zo ta ce a ɗaukar mata fansa. Yarima ya yi ta juyayi, yana zancen mutuwa da abin da ke bayanta, har akwai inda yake tsaye a maƙabarta da ƙoƙon kan mutum a hannu. Daniel Day-Lewis ne ke yin yariman. Wani dare a watan Satumba, ana tsakiyar wasa, daidai wurin fatalwa, ya fice daga dandamali bai dawo ba. Har yau bai sake wasan dandamali ba.

Darakta Richard Eyre ya juya ga Charleson, yana sane da halin da yake ciki. A lokacin ciwon ya ci ƙarfinsa. Wata irin sankara da ke bin masu Sida ta kumbura masa fuska, musamman wajen idanu, har kyan nan da aka san shi da shi ya gushe. Aka ce wa jama'a aikin hanci aka yi masa. Wasan kuwa fiye da awa uku ne, yawancin maganar a bakinsa take, ga faɗan takobi a ƙarshe. Ya karɓa. Daga 9 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba na 1989 yana hawa dandamali, mutum mai jiran ajalinsa yana yin yariman da ke tunanin mutuwa, mafi yawan ƴan kallo ba su san mi suke gani ba. Mai sharhin jaridar Sunday Times, John Peter, ya yaba wasan matuƙa. Kashegarin wasan ƙarshe aka ba Ian McKellen kyautar gwarzon ɗan wasa na shekara, ya tashi gaban taro ya nuna cewa shi a ganinsa Charleson ne ya cancanta.

Ranar 6 ga Janairu na 1990, mako takwas bayan saukarsa daga dandamali, ya mutu a Landan yana da shekara 40. Aka kai shi gida Edinbara, aka binne shi a maƙabartar Portobello.

Kafin ya cika ya riga ya bar magana: a sanar cewa Sida ce ta kashe shi, don mutane su san ciwon. Aka kuwa sanar. A Amurka an riga an ji na Rock Hudson tun 1985, amma a Birtaniya shi ne sanannen ɗan wasa na farko da aka fito fili aka ce ga abin da ya kashe shi. Mawaƙi Freddie Mercury sai a Nuwamba na 1991 ya faɗi nasa, kwana ɗaya kafin mutuwarsa. Ku tuna fa, mutanen Birtaniya da fuskar Eric Liddell suka san Charleson, salihin saurayin nan da ya ƙi gudu ranar Lahadi. Masu ganin ciwon na wasu can ne, ba irinsu ba, ranar nan sun ji sunan wanda suka tafa wa.

Wani zai ce mi amfanin faɗa bayan an mutu? Tambaya ce mai kyau. Shi dai bai ƙaru da komai ba, kuma iyayensa da danginsa, su ne suka rage a duniya suna haɗa ido da maƙwabta. Da sun so, da sun ce doguwar jinya, magana ta wuce. Suka cika masa wasiyya.

Asibitin Royal Free na Landan ya sa wa sashensa na kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar sunan Ian Charleson. Haka kuma jaridar Sunday Times da gidan wasa na ƙasa suka kafa kyauta da sunansa, wadda ake ba ɗan wasa mai ƙasa da shekara 30 da ya fi kowa iya tsofaffin wasanni a dandamali. Cikin waɗanda suka ci ta akwai David Oyelowo, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ya kuma yi wani ɓangare na yarintarsa a Legas. Ya ci ta ne da ya fito a matsayin Sarki Henry na shida na Ingila, tun kafin duniya ta san shi da Martin Luther King a fim ɗin Selma. Ta shekarar 2016 kuwa Paapa Essiedu ne ya ɗauka, ɗan asalin Gana, kuma cikin wasannin da suka ba shi ita har da Hamlet.